Inna Fitila da Kwaɗon Mai Girma

Ɗakin haihuwa na asibitin garin ba shi da taga. Da can yana da ita, wata 'yar ƙarama mai kallon hanyar kasuwa, sai aka yi ƙorafi wai masu wucewa suna leƙen matan mutane. Dattawa suka zauna suka tashi, aka kira magini ya toshe ta da bulo. Babu wanda ya tambayi ungozoma ko da me za ta riƙa gani. Tun daga ranar, ko rana tana fasa dutse a waje, cikin ɗakin nan magariba ce. Shi ya sa aikin ɗakin na mutum biyu ne: mai karɓar haihuwa da mai riƙe mata fitila.

Ita mai riƙe fitilar, shara aka ɗauke ta yi. Mijinta direban babbar mota ne, ya tafi da lodi aka dawo da hularsa, ya bar ta da 'ya'ya uku, autar tana goye. Aka ba ta tsintsiya da bokiti da tsumma. A sati na biyu ungozomar wancan zamanin ta leƙo baranda ta ce, "Ke mai shara, ajiye tsintsiyar nan, zo ki riƙe min." Ta riƙe. Shekara talatin da ɗaya ke nan. A takarda dai mai shara ce. A bakin gari kuwa sunanta ya ɓata tuni. Yara da iyayen yaran, waɗanda su ma a gaban haskenta suka faɗo duniya, kowa Inna Fitila yake ce mata.

Wanda bai taɓa yi ba zai ɗauka riƙe fitila ba aiki ba ne. Sai ka san inda za ka tsaya don kada inuwar ungozoma ta faɗa kan aikinta. Sai haskenka ya riga allura isa inda za ta. Ba a tari, ba a sauya hannu sai an ce a sauya. Kuma ba a kallon fuskar mai naƙuda, domin in ka kalla, tausayi zai gangaro maka hannu. Inna ta riƙe fitilar ƙwai har ta bar mata tabon ƙuna a tsintsiyar hannu. Ta riƙe kyandir a shekarun da kananzir ya yi wuya, yana narkewa yana ɗigar mata a yatsu tana haɗiye ihu, don ɗakin mai ihu ɗaya yake ɗauka. Daga baya aka zo zamanin tocila. Ungozoma shida ta gani sun zo sun wuce. Ta bakwai ita ce ta yanzu, wadda kowa ke kira Sista, wata doguwa mai baki kamar reza, wadda ba ta iya ɗinki sai tana faɗa.

Damina biyu da suka wuce hannun Inna ya fara rawa. Da farko a kofin shayi ta lura. Ta ɓoye, ta koyi jingina gwiwar hannu a ƙarfen gado. Sai ranar da aka kawo matar wani mai yankan katako daga bayan rafi. Ta haihu lafiya, jini ya ɓalle. Sista tana neman inda ya tsage, hasken tocila yana tsalle daga cinya zuwa bango. Matar ta cika kafin la'asar. Sista ta ce ba laifin fitila ba ne, jinin ya fi ƙarfinsu. Inna ta gyaɗa kai, ta ɗauko bokiti ta wanke ƙasa. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

To a farkon zafin bana sai ga mota ta tsaya a ƙofar asibiti da farantan sola. Kwana uku mai sola yana kan rufi yana huda kwano, yana jan waya. Ya kafe wani akwatin ƙarfe a bangon baranda, kusa da ofishin Malamin Asibiti, ya jera batura a ciki. Ya ɗaura ƙwan lantarki ɗaya a baranda, ɗaya a ɗakin magani, uku a ɗakin haihuwa, na tsakiyar daidai saman gado. Ranar ta uku ya ce a zo a gwada.

Inna tana tsaye a tsakiyar ɗakin da ta yi shekara talatin da ɗaya tana sharewa lokacin da ya ɗaga wani jan hannu na kunna wuta a cikin akwatin. Abin da ta fara gani ya ba ta kunya: ashe bangon kore ne. Ita duk tsawon rayuwarta ta ɗauka ruwan ƙasa ne. Ga yanar gizo a kusurwa, ga wata allura da ta faɗa tsagar siminti tun zamanin ungozoma ta biyu. Ta ɗaga hannunta mai rawa ta duba shi a hasken. Ya ci gaba da rawarsa, hasken kuwa ko gezau. Wani abu ya sauka daga kafaɗarta wanda ba ta san tana ɗauke da shi ba.

Sai haske ya ɗauke.

Ta fito ta tarar mai sola yana zura wani jibgegen kwaɗo a ƙofar akwatin.

"Malam, lalacewa ta yi tun yanzu?"

"Lafiyarta lau, Inna. Umarni ne daga sama. Ba a kunnawa sai Mai Girma ya zo ya ƙaddamar."

"Ya ƙaddamar da me? Ranar Allah?"

Ya yi dariyar yaƙe. "Asibiti goma sha biyu na yi wa, duk haka na rufe su. Mukullan a cikin ambulan na takarda nake mayarwa ofis." Ya duba hagu da dama, ya rage murya. "Baturan dai na bar su suna shan rana. Kin ga ɗan koren hasken can ta ramin iska? In yana ƙiftawa, a cike suke. Jan hannun nan ne kawai a ƙasa. Da za a ɗaga shi sama, shi ke nan. Ni dai labari nake ba ki."

Ya tafi da mukullan.

Kowace safiya in Inna ta zo sharar baranda sai ta leƙa ramin iskar. Koren idon yana nan yana ƙifta mata. Rana ta fito, ta zuba a farantai, ta gangara cikin akwati, a kulle ta. Taku goma daga nan mata suna haihuwa a duhu. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Sau uku ana sa ranar ƙaddamarwa. Sau uku Inna tana shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa, tana goge kujerun roba ɗari da aka jera a ƙarƙashin rumfa. Na farko aka ce Mai Girma ya yi tafiya. Na biyu aka ce allon da za a kafa an manta da ɗaya daga cikin muƙamansa, sai an sake wani. Na uku ba a ma ce komai ba, mota ce kawai ta zo da yamma ta kwashe kujerun.

"Gara a ba Mai Girma gadon nan ya kwanta," in ji Sista tana wanke almakashi. "Wata uku yana naƙudar zuwa. Ni da zan karɓe shi da tuni na yi masa allurar ƙarin ƙarfi."

Inna ba ta yi dariya ba. Autarta, wadda ta zo asibitin nan a goye, tana da ciki na uku. A haihuwar da ta gabata ta tsage, ta zubar da jini har sai da aka ɗaga ƙafafun gado. Lokacin hannun Inna bai fara rawa ba. Sista ta riga ta faɗa mata gaskiya: mai irin wannan jikin takan maimaita. Babban asibiti kuwa yana bayan rafi, rafin da in damina ta kankama ko jaki ba ya ƙetare shi.

Ta sami Malamin Asibiti a ofishinsa. Ba mugun mutum ba ne. Tsoro ne ya ci shi tun yana saurayi har ya yi furfura a cikinsa.

"Malam, ka rubuta musu."

"Na rubuta, Inna. Sau huɗu."

"Suka ce me?"

"Suka ce ana duba lamarin."

"Da wane haske suke dubawa?"

Ya sunkuyar da kai yana juya biro. Ta ɗaura ɗankwalinta mai kyau washegari ta hau motar kasuwa zuwa birni, kafin ruwa ya rufe hanya.

Ofishin da mukullan suke an ja masa labule mai kauri don kada rana ta dami ma'aikata. Ƙwai takwas ta ƙirga a sama, duk a kunne, da azahar tsaka. Ta zauna a benci har ƙafarta ta yi sanyi kafin sakatare ya ɗago.

"Baba, me ke tafe da ke?"

"Mukullin hasken ɗakin haihuwa na zo aro. In 'yata ta haihu in dawo muku da shi."

Ya kalli na kusa da shi, suka ƙyalƙyale. "Aro? Kin ɗauka tukunya ce? Baba, abin nan yana da tsari. In kowa ya kunna nasa, Mai Girma ya zo ya kunna me?"

"Ciki ya san tsari?"

"Ki yi haƙuri. An kusa."

"Ɗan nan, ita ma an kusa."

Ya riga ya koma kan wayarsa. Da za ta fita ta ga ambulan ɗin a kan kabad, goma sha biyu, an ɗaure su da roba, an ɗora kofin shayi a kai.

Ranar haihuwar ta zo a ƙarshen damina, wata Talata da azahar, hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Aka kawo Auta tana cije leɓe. Haihuwar ba ta ba da wahala ba, 'ya mace, ta faɗo da ihunta. Sista ta naɗe ta ta ajiye, ta juyo, sai ta wawuro auduga da sauri. Inna ta san irin wannan saurin. Ta ji ɗigar jini a bokiti kafin ta gani.

"Inna, matso. Ƙasa kaɗan. Nan. Tsaya nan. Tsaya mana!"

Ta kama tocilar da hannu biyu. Ta jingina gwiwar hannu a ƙarfen gado, ta ɗauke numfashi. Hasken ya ƙi. Yana lilo kamar ƙwaro a bakin fitila, ya taɓa wurin ya gudu, ya dawo ya gudu. Auduga tana jiƙewa a hannun Sista kamar an tsoma ta a rafi.

"Ba na gani! Wallahi ba na gani!"

Sai Inna ta yi abin da ba ta taɓa yi ba a shekara talatin da ɗaya. Ta kalli fuskar. Leɓen Auta ya yi fari fat, idonta yana neman rufewa.

"Inna," ta ce a hankali, "sanyi nake ji."

"Sista, buɗe bakinki."

"Me?"

Ta cusa mata gindin tocilar tsakanin haƙora. Ranar ce kaɗai aka taɓa ganin Sista tana aiki ba ta faɗa. Inna ta nufi ƙofa. Akwai wata ƙafar tsohon gadon haihuwa da ta karye tun shekarun baya, ƙarfe mai nauyi, da ita ake tokare ƙofar ɗakin. Ta sunkuya ta ɗauke ta.

Malamin Asibiti ya hango ta ta taga, ya fito da gudu ya tsaya gaban akwatin ya ware hannu.

"Inna, ki yi wa Allah! Saura min wata goma sha huɗu in yi ritaya!"

"Ita saura mata minti nawa?"

"Kayan hukuma ne!"

"Wadda ke kwance a ciki kayan wa ce? 'Ya'yanka biyar ni na haska aka ciro su, har mai katon kan nan da ya kusa kashe uwarsa. Matsa, Malam, ko in fara ta kanka."

Ya dubi ƙarfen, ya dubi jinin da ke gaban zaninta. Ya matsa. Ya juya fuskarsa ga bango kamar yaron da aka sa horo, ya ce wa bangon, "Ni ban ga komai ba. Kuma ba kwaɗon ake duka ba. Kunnen ƙarfen da ya riƙe shi ne mai rauni."

Dukan farko ya kauce ya ɓare siminti. Na biyu ya sauka a babban yatsanta, farcen ya tashi, ba ta ji ba. Hannun da ya gaza riƙe haske ashe bai gaza duka ba. Ta buga don matar mai yankan katako. Ta buga don kujeru ɗari da ta goge sau uku, ta buga don kofin shayin da ke kan ambulan. Kunnen ƙarfen ya lanƙwashe ya tsinke, kwaɗon ya faɗi ƙasa a kulle, yana nan da mutuncinsa. Ta fizge ƙofar. Ga jan hannun. Ta tura shi sama da tafin hannu.

Daga cikin ɗaki ta ji tocila ta faɗi a siminti, ta ji muryar Sista ta dawo, tana yi wa wurin da ya tsage faɗa.

"To ga ka nan, ɗan banza! Ashe nan ka ɓuya. Inna! Zare! Kina ina? Tsohuwar nan sai yawo!"

Ɗinki shida. Inna tana tsaye a gefe tana miƙa zare da auduga, hannunta yana rawarsa son ransa, babu wanda ya damu da shi. Ɗigar bokiti ta ragu, ta tsaya. Da ruwan sama ya sauko a kan kwano, Auta ta buɗe ido ta tambaya mace ce ko namiji.

Labari ya riga rafi janyewa. Wasiƙun Malamin Asibiti huɗu wata bakwai ba su sami amsa ba, amma ta Inna kwana shida kacal ta ɗauka kafin ta iso. Sista ce ta karanta mata: lalata kayan hukuma, yin gaban kai, zubar da ƙimar ofis. An sallame ta daga aikin shara. Ta miƙa tsintsiya da bokiti, Malamin Asibiti ya karɓa yana kallon ƙasa.

Kuma abin mamaki, ranar da ta gagara samuwa wata bakwai sai ga ta an samo. Jin cewa haske yana ci a wani gari ba da sunan Mai Girma ba ya fi ciwon kowace mai naƙuda zafi. Aka sa Asabar mai zuwa.

Da sassafen Asabar ɗin sakatare ya iso da sabon kwaɗo a aljihu da maƙeri a bayansa. Umarnin da ya zo da shi shi ne a gyara kunnen akwati, a sauke jan hannun, a kulle, don Mai Girma ya buɗe da hannunsa a gaban masu hoto. Ya tarar da Inna zaune a kan 'yar kujera gaban akwatin, yatsa a naɗe da bandeji, ƙafar gado a kan cinya.

"Baba, ke ce? Ai an kore ki."

"An kore ni. Ana korar korarre sau biyu?"

"Awa biyu kawai za a kashe. Da ya kunna shi ke nan."

"Akwai mace a ciki tun asuba, haihuwar fari. Shiga ka faɗa mata ta dakata awa biyu. In ta yarda, na yarda."

Ya juya ga maƙeri. Maƙerin ya sauke jakarsa ya ce shi a gaban fitilar Inna aka haife shi, kuma ma ya manta da gudumarsa a gida. Matan da suka zo awo suna zaune a benci, duk sun zuba wa sakatare ido. Gumi ya keto masa.

Malamin Asibiti ne ya fitar da shi kunya. Ya ce ai ƙwan baranda yana da makunninsa daban a bango, a kashe wannan kaɗai, a ɗaura masa ƙyalle, Mai Girma ya danna.

Haka aka yi. Mai Girma ya iso bayan azahar, awa huɗu a makare. Aka yi jawabi uku. Ya yanka ƙyallen, ya danna makunni. Rana ta ƙwalle, babu wanda ya iya gane ko ƙwan ya kama ko bai kama ba, har mai hoto ya ce a sake. Ya kashe ya sake dannawa. Aka tafa. Bai shiga ɗakin haihuwa ba, aka ce lokaci ya ƙure. Da ya wuce ta gaban Inna ya ɗaga mata hannu, ya ce wa na bayansa, "A ba tsohuwar nan hula da riga."

Bayan motoci sun tafi, Sista ta fito tana cire safar hannu, ta ce namiji ne, uwa da ɗa lafiya. Ta tsaya gaban sabon allon da aka kafe a bango, muƙamai biyar cif, babu wanda aka manta.

"Karanta min," in ji Inna.

"An rubuta wai shi ne ya kori duhu daga garin nan."

Inna ta daɗe tana kallon allon.

"Duhu kuma? Ni dai na san ni aka kora."

Ta tambayi yadda sakatare ya yi da sabon kwaɗon. Aka ce ya bar shi a aljihun teburin Malamin Asibiti, wai ko za a buƙata. Ta ce to. Ba ta mayar da ƙafar gadon bakin ƙofa ba, ta sa aka nemo dutse aka tokare. Ita kuwa ta saɓa ƙarfen a kafaɗa ta tafi gida ta yi wa jikarta wanka, washegari da hantsi ta dawo da kujerarta ta zauna.

Sauran asibitoci goma sha ɗaya suna nan suna jiran ranarsu.